Sallamar Bakin Lungun Jambu

Lungun Jambu baki ɗaya gare shi mai fita kan titi, kuma a nan 'yan acaba suka kafa tasharsu. Dogon benci ne ƙarƙashin rumfar kwano, ga babura a jere, kowane da hular kwano rataye a madubi. Dab da rumfar teburin Mak Ikah, wato Mama Ikah, yake, inda take sayar da shinkafa mai madarar kwakwa a ƙunshin ganyen ayaba, da soyayyar awara, da baƙin kofi. Duk mai fita daga lungun zuwa cikin garin Bogor sai ya ratsa tsakanin bencin nan da teburin nan.

Rinrin, 'yar Mak Ikah, ta nan take bi kowace safiya. Ta yi karatun gwaje-gwajen asibiti, ta samu aiki a ɗakin gwajin jini na wani ƙaramin asibiti a ƙetaren gada. Farar rigar aikinta a goge take cikin jaka, ita kuma tafiya take kai a miƙe, don ba ta ga abin da ta sata ba balle ta sunkuya. Da ta doshi rumfar sai muryar ta tarbe ta.

"Assalamu alaikuuum, Neng."

Cecep ke nan, ƙaramin ɗan acaba mai jan babur, ɗan 'yar'uwar shugaban tashar. Neng ɗin kuwa yadda ake kiran budurwa ke nan a garin. Cecep yakan ja ƙarshen sallamar kamar mai jan alewa, idonsa na bin ta tun daga hijabi har dunduniya.

Da farko amsawa ta yi, don haka aka koya mata tun tana rarrafe. Sai Cecep ya dafe ƙirji, ya faɗa jikin Otong, wani ƙaton ɗan acaba mai yawan dariya da ke zama kusa da shi.

"Wayyo, ta kashe ni! Otong, riƙe ni. Ƙara min, Neng, kunnen hagu bai samu nasa ba."

Benci ya ɗauki dariya. Washegari ta wuce ba ta tanka ba.

"Jama'a, ku shaida!" in ji Cecep. "An yi mata sallama ta ƙi amsawa. Neng, amsa sallama wajibi ne fa. Ko a makarantar taku an soke?"

Abin da ya fi ci mata rai ke nan. Da fito yake yi mata, ko maganar banza tsagwaronta, da ta san inda za ta ajiye shi. Amma ya ɗauki gaisuwar da take yi wa mahaifiyarta idan ta shiga gida, wadda take rufe sallarta da ita, ya mayar abin tare hanya. Ta amsa, ta zama abin wasan benci. Ta yi shiru, ta zama 'yar boko marar addini. Ta gwada amsawa a zuci. Ta gwada toshe kunnuwa da wayar sauraro, sai ya tashi ya tsaya a gabanta yana ɗaga hannuwa kamar mai kiran salla, har sai ta kewaye shi.

Wata safiya haƙurinta ya ƙare. Ta tsaya cak, ta juyo.

"Cecep, ajinmu ɗaya a firamare. Ina nan ranar da malam ya kira ka gaban allo ka jiƙa wandonka. Kar ka ƙara yi min magana."

A ranar, Cecep benci ya yi wa dariya, har Otong yana share hawaye. Rinrin ta hau bas tana jin iska a ƙirjinta. Amma da ta dawo da yamma, sai ta tarar da ƙunshin shinkafa tuli a kwando. Babu ɗan acaba ɗaya da ya saya. Duk a tsallaken titi suka karya kumallo, kuma haka suka yi ta yi har makon ya fita, sannan Haji Endang, shugaban tashar, ya zo da farar hularsa ya tsaya a gaban teburin.

"Mak Ikah," ya ce a tausashe, "yaro sallama ya yi. Abin lada ne, ga mai yi da mai amsawa. In 'yarki ta fi ƙarfin sallama, ai ba sai ta tozarta shi cikin abokan sana'arsa ba."

Yana magana yana duban ƙafafun teburin. Kowa ya san a filin tashar suke tsaye.

Mak Ikah ta ba da haƙuri, ta haɗa masa kofi, ta ƙi karɓar komai. Ciniki ya dawo. A gida ta kama hannun 'yarta.

"Neng, ki riƙa bi ta bayan masallaci. Ki gangara bakin rafi, ki haye gadar gora, sai ki ɓulla ta kasuwa. Ba wanda zai gan ki."

"Hanyar agwagi, Mak? Cikin taɓo?"

"Taɓo ana wanke shi."

"A lungun nan aka binne cibiyata. Kafin Cecep ya iya share hancinsa nake fita ta bakin nan. Ni ba zan canja hanya ba."

"To ki yi shiru ki wuce."

Ta yi shiru ta wuce, saboda teburin. Damina ta kankama tana wucewa. Kowace safiya, tun tana ɗaura hijabi a gaban madubi take tunanin bakin lungun, kuma ba ta sakewa sai ta zauna a bas. Ba ta gaya wa kowa a wurin aiki ba. Takan sa farar rigarta, ta nemo jijiya a hannun tsoffi da jarirai ba tare da ta yi kuskure ba, tana alfahari da hakan.

Shirun nata sai ya ƙara wa Cecep ƙarfin gwiwa. Ya fara tayar da babur yana bin gefenta a hankali har inda ake jiran bas, yana ta zuba. Rannan ya miƙo hannu ya kama gefen hijabinta ya ɗan ja.

"Ƙwaro ne ya hau, Neng. Taimako na yi."

Da yamma Mak Ikah ta shigo madafi ta tarar da Rinrin a durƙushe gaban dutsen niƙa. Ta niƙe ƙananan barkonon nan masu zafi, ta jiƙa, tana tacewa da tsumma cikin tsohuwar kwalbar turare mai feshi. Idanun su biyun suka kawo ruwa, saboda yaji ya cika ɗakin.

"Na mene ne wannan?"

"Na ƙwaro ne, Mak."

Uwar ta zauna a bakin ƙofa. "In kika fesa masa, teburin nan ya tashi. Kin sani."

"Na sani."

"To?"

"Baki na jure. Hannu ba zan jure ba. In ya ƙara taɓa ni, Mak, ki yafe min."

Mak Ikah ta share idonta da bayan hannu. Da teburin nan ta ciyar da Rinrin tun rasuwar mahaifinta, da shi ta kai ta makaranta. Rinrin ta ɗaure bakin kwalbar ta saka a aljihun siket, tana jin nauyinta kamar dutse.

Kashegari da yamma aka tsuge da ruwa irin na Bogor, wanda ba ya sallama. Bas ya sauke ta a kasuwa, ta raɓe a ƙarƙashin rumfar mai gyaran agogo. Sai ga babur ya tsaya a gabanta, mai shi ya ɗaga gilashin hularsa. Mang Kosim ne, wato Baba Kosim, dattijon tashar, mai zama a ƙarshen benci. Shi ya riƙa kai ta makaranta tana ƙarama, a zaune a gabansa tana riƙe da madubi.

"Hau, Neng. Gida na nufa."

Ta so ta ƙi. A cikin mazan bencin nan babu wanda take jin haushinsa kamar Mang Kosim, har Cecep ɗin. Amma ruwan ba shi da niyyar tsayawa. Ta hau, ya yafa mata bayan babbar rigar ruwansa, ta shige ƙarƙashi. Ba ta ganin komai sai bayan rigarsa da kwalta na gudu a ƙasa. Ashe magana da bayan mutum ta fi sauƙi.

"Mang, lafiyar tayar gaban babur ɗinka kuwa?"

"Lafiya lau. Me kika ji?"

"Na ga kullum da safe in zan wuce kana durƙushe kana duba ta. Taya ɗaya, kullum. Na ce ko dai a kai ta ɗakin gwajinmu."

Ruwa na dukan rigar.

"Ni ban taɓa ce miki komai ba, Neng."

"Shi na faɗa ai. Ba ka taɓa cewa komai ba."

"Me zan ce? In na ce ya bari, ya ce sallama ya yi. Wa ke hana sallama? Kuma kawunsa ke tsara layi. In na kunyata shi cikin mutane, gobe ni ne a ƙarshen layi, jibi ba ni a tashar. Abin yana damuna, wallahi. Har matata na gaya wa."

"Ta gode. Ni ma na gode."

"Neng..."

"In sallama ce, Mang, ku me ya hana ku amsawa? Ba a gabanku yake yi ba? Ko ni kaɗai ce Musulma a bakin lungun?"

Suka iso. Ta zame daga ƙarƙashin rigar, ta shige lungu ba ta waiwaya ba. Ba ta sa rai da komai ba. Ta dai faɗi abin da ke ranta, shi ke nan.

Da safe gari ya waye tas, kwalta na ƙyalli. Rinrin ta fito, hannunta na dama cikin aljihu, yatsanta a kan mafeshin kwalbar. Ta hango Mak Ikah tana zuba kofi, idonta ba ya kan kofin. Ta hango Cecep ya gyara zama, ya lashi leɓe.

"Assalamu alaikuuum, Ne..."

"Wa alaikumus salamu wa rahmatullahi wa barakatuhu!"

Muryar ta fito kamar ta ladan, har tantabarun kan rumfa suka tashi. Mang Kosim ne. Ya miƙe daga ƙarshen benci, ya taka har gaban Cecep fuska a sake, ya kama hannunsa da hannu biyu ya girgiza, ya saki hannu ɗaya ya dafa ƙirji yadda ake yi, ɗayan kuma bai saki ba.

"Madalla da yaron kirki! Ina kwana, Cep? Ya jikin mahaifiyarka? Gwiwar ta yi sauƙi? An samu man zafin da na faɗa mata?"

"Mang, ba da kai nake ba."

"A'a, ai sallama ba ta da mai ita. Ka yi a cikin jama'a, in ɗaya ya amsa ya ɗauke wa kowa. Na ɗauke mata, ta wuce aikinta. Ya kifayen bayan gidanku? Na ji ruwan jiya ya cika tafkin, ba su tsere ba dai?"

Cecep yana leƙen bayansa, Mang Kosim yana matsawa inda ya leƙa, yana tambayar lafiyar wani kawunsa na ƙauye. Rinrin ta wuce. Ta kai inda ake jiran bas ba babur a gefenta. Da ta zaro hannu daga aljihu sai ta ga shatin mafeshin a yatsanta. Bas ya zo, ta zauna ta jikin taga, sai kawai dariya ta kubce mata, wata tsohuwa mai kwandon alayyahu tana kallonta.

Ba ta saki jiki ba duk da haka. Ta ce a ranta, na yau ne, gobe ya koma wa tayarsa. Amma gobe ma ya amsa, da jibi. Cecep ya rage murya, Mang Kosim ya ji. Cecep ya koma ɗaya gefen rumfar, Mang Kosim ya bi shi da kofinsa. Tambayoyin lafiyar dangi ba sa ƙarewa, har kakar Cecep da ta rasu sai da aka yi mata addu'a, hannu cikin hannu. Otong, da ya saba dariya da Rinrin, yanzu kifewa yake yana dariyar abokinsa. Mak Ikah ce ta gaya wa 'yarta abin da ba ta gani ba: in layi ya zo kan Mang Kosim kafin ta fito, sai ya ce babur ɗinsa bai ɗumama ba, ya bar wa na bayansa fasinjan. Fasinjojin safe kuwa su ne cinikin ɗan acaba.

Haji Endang ya ga duk abin da ke faruwa daga kujerarsa ta roba. Ba shi da bakin hanawa, don shi da kansa ya ce abin lada ne ga mai yi da mai amsawa. Sai ya bi ta wata hanya. Wata safiya, dab da lokacin fitowar Rinrin, ya ce Mang Kosim ya zo ya kai matarsa babbar kasuwa, ya jira ta gama cefane ya dawo da ita. Ba a ce wa shugaban tasha babur bai ɗumama ba.

Tun daga tsakiyar lungu Rinrin ta ga ƙarshen bencin wayam. Ta tuna hanyar bayan masallaci, ga kwanarta nan a hannun hagu, taku kaɗan ne. Ta dube ta, ta wuce ta. Ta sa hannu a aljihu.

Cecep ya riga ya hau babur ɗinsa, ya gitta shi a bakin lungun, ya bar 'yar hanyar da mutum ba zai wuce ba sai ya goge shi. Fushin duk safiyoyin da aka riƙe masa hannu yana fuskarsa.

"Assalamu alaikum, Neng," ya ce da ƙarfi, ba ja, ba wasa. "Yau mai amsa miki ya tafi cefane. Sai ki amsa da bakinki."

Mak Ikah ta tsaya da ludayi a sama, miyar barkono na ɗiga kan tebur. Rinrin ta ci gaba da takowa. Ta auna tsakanin hannunsa da hijabinta, ta auna tsakanin aljihunta da idonsa. Ta dubi teburin mahaifiyarta, da ledar da aka shimfiɗa a kai mai zanen furanni, wadda ita ta saya da albashinta na farko. Ta ce a ranta, Mak, ki yafe min.

"Wa... wa alaikumus salam."

Muryar a shaƙe ta fito, kamar mai ita bai shirya ba. Otong ne. Ya miƙe da ƙunshin shinkafa a hannu, fuskarsa ta yi ja, ya rasa inda zai ajiye shi, ya ɗora kan sirdin wani. Ya goge hannu a wando, ya taho ya kama hannun Cecep.

"Otong, kai ma?"

"To ya zan yi, Cep? Ka yi sallama, na ji. In ɗauki zunubi da sassafe?" Ya waiga benci. "Ku kuma fa? Kurame ne?"

"Wa alaikumus salam," in ji wani. Wani ya ƙara da wa rahmatullahi. Mai tura kurar kunun shinkafa da ke tsaye a bakin titi ya buga cokali a kwanonsa ya amsa, ya taho shi ma. Kafin a ankara an yi layi a gaban jan babur, irin wanda ake yi a ƙofar masallaci ranar Idi, kowa na jiran ya gaisa da Cecep. Wannan ya saki hannun, wancan ya karɓa. Ana tambayarsa gwiwar mahaifiyarsa, ana tambayarsa kifaye. Wani ya ce babur ɗin ya tare wa masu gaisuwa hanya, mutum biyu suka tura shi gefe da Cecep ɗin a kai.

Otong ya samu bakinsa yanzu. Ya juya ga kujerar roba, ya ɗan rusuna.

"Haji, kai ne babbanmu. Ba mu ji taka ba."

Duk idanu suka koma kan farar hular. Haji Endang ya dubi ɗan 'yar'uwarsa, ya dubi layin, ya dubi matan lungu da suka fara leƙowa ta tagogi. Ya yi gyaran murya.

"Wa alaikumus salam," ya ce. Sannan, ƙasa ƙasa: "Cep, je ka sha mai. Tankinka ya yi ƙasa."

Cecep ya tayar da babur ya fice, bai dubi kowa ba.

Hanya ta buɗe. Rinrin ta ratsa tsakanin benci da tebur. Babu wanda ya ce mata komai, babu wanda ya tsaya kallonta, kowa ya koma neman inda ya ajiye kofinsa, kuma wannan ya fi mata daɗi a kan duk wata magana. Ta kai bakin titi. Ta dafa sandar fitila ta tsaya, tana shaƙar iska kamar wadda ta fito daga ƙarƙashin ruwa. Daga bayanta ta jiyo muryar mahaifiyarta tana cewa, "Wa ke son ƙarin awara? Otong, zo ka ɗauki shinkafarka daga sirdin mutane."

Da yamma ta tarar da Mang Kosim zaune a dakalin ƙofar gidansu, hular kwano a cinya. Mak Ikah ta riga ta ba shi labari, da ƙari. Ya miƙe da ya gan ta.

"Neng, da gangan aka aike ni. Ina kasuwa hankalina na nan."

"Na sani, Mang."

"Tambaya na zo yi. Abin nan da muke yi, bai ƙara miki wahala ba? Ban yi shawara da ke ba na fara. In kin fi son a bari, ko a bi ta wata hanya, ki faɗa. Ke abin ya shafa."

Ta dube shi. A duk tsawon lokacin nan babu wanda ya tambaye ta abin da take so, kowa gaya mata yake abin da za ta yi. Ta kau da kai, don ba ta da niyyar yin kuka a gaban ɗan acaba, ko da Mang Kosim ne.

"Ka yi latti, Mang."

"Na yi latti," ya ce, bai kawo uzuri ba.

"Amma ka iso. Ku ci gaba. Kuma ba ni kaɗai ke fita ta bakin nan ba. 'Yan matan sakandare ma yana yi musu."

"Na gani. Za mu amsa musu."

"Ya tayar gaba?"

Ya yi dariya har da tari. "Ta warke, Neng. Ta warke sarai."

Cecep bai zama waliyyi ba. Yana nan a tashar, wani lokaci ya bi ta da harara, wani lokaci ya yi ƙunƙuni a cikin hularsa. Sau ɗaya ya gwada sallamarsa a kan wata ɗaliba, mutum uku suka miƙe a tare, ya ce wasa yake. A cikin gari kuma, a bakin gada da cikin bas, har yanzu akwai masu fito da masu matsowa, Rinrin ba ta yaudari kanta ba. Amma bakin lungunsu ya koma bakin lungu. Ta lura wata safiya tana ɗaura hijabi cewa waƙa take yi a hanci.

Kwalbar ta daɗe a aljihunta kafin ta yarda ta ajiye ta a kan taga. A nan Mak Ikah ta same ta, ta shinshina, ta yi atishawa, ta tafi da ita bayan gida ta feshe tukwanen ɗoɗɗoyarta da ƙananan ƙwari suka addaba.

"Ai kin ce na ƙwaro ne," ta ce.

Ranar Litinin Rinrin ta fito da farar rigarta a jaka, hannuwanta biyu a waje. An yi yayyafi da asuba, ƙamshin shinkafa da ganyen ayaba ya cika bakin lungu. Mazan suna zaune, biyu na buga dara, Mang Kosim na hura kofi. Cecep na can gefe yana goge madubi. Ta zo daidai rumfar, sai ta rage tafiya. Ta daɗe rabon da kalmar ta fito daga bakinta a wurin nan. Ba wanda ya roƙa, ba wanda ya tilasta. Ita ta ga dama.

"Assalamu alaikum," ta ce, da muryarta ta kullum.

"Wa alaikumus salam, Neng," benci ya amsa, kowa da tasa muryar, masu dara ko kai ba su ɗaga ba.

Ta gyara jakarta a kafaɗa ta fita titi. Ga bas ɗinta nan tafe.